Wanda Ya Sayi Ƙarƙashin Fili

Wani ne a Gumbin Kure, can ƙasar Maiyama, manomin albasa. Sunansa ku bar shi, yana da surukai a kusa. Mutum ne mai ƙwazo, wannan kam ba a hana shi ba. Ciwonsa ɗaya ne: ya haƙiƙance daga Maiyama har Jega ba a haifi mai wayonsa ba. Kun dai san irinsu. Ko ba ka yi niyyar cutarsu ba, su za su kama hannunka su nuna maka hanya.

Wata shekara albasa ta yi masa kyau, kasuwa kuma ta yi daɗi. Ya kai kaya Aliero ya sayar, aljihu ya yi nauyi. Yana yawon buɗe ido a gari, sai ya ga ko'ina gini ake yi, ɗakuna a jere ana ba 'yan makaranta haya. Ya hango wani da suka yi kiwon awaki tare suna yara, zaune bisa benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ba fartanya, ba ban ruwa, wai shi mai gidan haya. Abin ya tsaya wa gogan naku a rai. Ya dawo gida ko tuwo bai iya ci ba.

Matarsa Barakatu ta ce, "Maigida, lahiya? Ko albasar ba ta sayu ba?"

"Na gama da duƙe-duƙe," in ji shi. "Hili zan saya Aliero. In gina ɗakuna, in zauna, kuɗɗi su riƙa zuwa suna gaishe ni."

"Da wane kuɗɗi za ka saya?"

"Na albasa. In ƙara da shanu."

"Shanun huɗar?"

"Su."

"To in ka sai da su, wa za ya ja garma? Ni?"

"Ke ba ki san harkar manya ba."

"Awo, ban sani ba. Allah shi ba da sa'a, Alhajin gobe."

Ya ɗauka addu'a ce, ya ce amin.

Ya kora shanunsa biyu kasuwar Jega, ya dawo da igiya kawai. Daga nan ya nemi wani dillali mai suna Sambo, Sambo ya kai shi wurin Alhaji Mamuda. Shi Alhaji Mamuda gonar gado ya yanka gunduwa-gunduwa a bakin hanyar Jega yana sayarwa. Mutum ne mai tsoron Allah ƙwarai. Ba ya sayar wa mutum biyu fili ɗaya, sai dai in duka biyun sun zo da kuɗi.

Aka je aka ga fili. Rairayi ne da tumfafiya, amma gogan naku har ya fara ganin ƙofofi masu koren fenti. Aka yi ciniki. Kuɗin sun fi ƙarfinsa a tashi ɗaya, sai aka raba su kashi uku, kowace shekara in an cire albasa ya kawo kashi guda.

Alhaji ya ce, "Amma ka ji da kyau, ga Sambo shaida. In lokaci ya yi ka saɓa, ciniki ya mutu. In samu wani in sai da."

"Ni in saɓa? Alhaji, tambayi mutanen Gumbin Kure wane ne ni."

Da Alhaji ya tambaya, da an ba shi labari mai daɗi, amma bai tambaya ba. Mutumin ya kwance lalita ya zube kashi na farko, kuɗin shanu da na albasa duka. Alhaji ya ƙirga ya zura a aljihu, ya miƙa hannu a yi sallama. Gogan ya ƙi sakin hannun.

"Alhaji, yanzu na biya kashi guda. Wane gehe na nawa?"

"Ba haka aka yi ba, Malam. In ka cika duka, duka naka na."

"A'a. Ko buhu guda munka saya mu uku, kowa ya san kasonshi. Nuna mani nawa."

"Malam, hili na, ba buhu ba."

"Shi ya sa. Buhu ma an raba, balle hili."

Aka yi ta yi. Rana ta take, Alhaji yunwa yake ji, ga wani mai saye yana jiransa a mota. Da ya gaji sai ya ce cikin gatse, "To zaɓi! Gabas, yamma, kudu, arewa. Ko bisa kaka so, ko ƙarƙashi?"

Sambo ya bushe da dariya. Gogan naku bai yi dariya ba. Ya ƙanƙance ido ya shiga tunani, irin tunanin nan nasa da Barakatu ta fi tsoro fiye da zazzaɓi. Ya ce a ransa, ni manomin albasa za a yi wa wayo? Tun da nake ban taɓa ganin arziki a sama ba. Abin da ke sama lawashi ne, ganye, ko kyauta aka ba mutum sai ya yi yanga. Albasar tana ƙarƙashi. Buhu ma haka ne, manyan da ake jerawa a baki na rufe ido ne, mai hankali gindin buhu yake zazzagewa ya duba. Wato Alhaji so yake ya liƙa mini lawashi, shi ya riƙe albasar.

Ya gyara tsayuwa ya ce, "Ƙarƙashi nika so."

Alhaji ya dubi Sambo. Sambo ya dubi takalminsa.

"Ƙarƙashi?"

"Ƙarƙashi. Kai ka hwaɗa da bakinka, gaban shaida. Ba ka da ikon janyewa."

Alhaji ya yi dogon numfashi, ya dafa ƙirji kamar wanda aka yi wa sata. "Kai Malam, ka gama da ni. Wa ya koya maka ciniki haka?"

Nan take aka yanka iyaka. Kashin farko, daga inda ruwa yake zuwa can ƙasa. Kashi na biyu, daga ruwa ya hau har saura zurfin gwiwa a fito. Na uku, wanda ake takawa, yana hannun Alhaji sai an cika.

"Can ƙasan har ina?" in ji gogan.

"Har ƙasa ta bakwai na bar maka," in ji Alhaji. "Ban ƙara maka ko sisi ba."

Mutumin ya dawo Gumbin Kure yana tafiya kamar ya ci kokawa. Barakatu na tankaɗe ya shigo.

"An saya?"

"An saya. Har na kwashe mai tsokar, na bar Alhaji da ƙashi."

Ya zauna ya warware mata komai, yana yi yana buga cinya. Ta ajiye rariya ta dube shi.

"Ka ga wurin da idonka?"

"Arziki aka gani? Albasa ma kina ganinta kahin a tono?"

"An ce ba a cinikin biri a sama," in ji Barakatu. "Kai ka yi na gahiya a rami."

"Hassada ko cikin gida akwai ta," in ji shi. Ya ja tabarma ya koma inuwa.

Shekara ta juyo. Da shanun haya ya yi huɗa, da cin bashin taki, da rage tuwon dare, ya haɗa kashi na biyu ya kai. Yanzu fa tsakiya ma ta zama tasa. Sai kai ya ƙara girma. Duk ranar kasuwar Aliero sai ya je gaida filinsa. In ya isa iyaka sai ya tuɓe takalmi ya yi sallama, don na saman ba nasa ba ne, shi kuma mutum ne mai kiyaye haƙƙi. Ya lallaɓa ya zauna a tsakiya, ya ɗan bubbuga ƙasa da tafin hannu ya ce, "Kuna lahiya can ciki? Ku ƙara haƙuri, saura kaɗan."

Wata rana yana zaune sai wani ɗan kabu-kabu ya tsayar da babur, ya tsuguna gindin tumfafiya zai kama ruwa. Gogan ya taso da gudu.

"Kai, tsaya! Mai yawa ne?"

"Mi?"

"Hitsarin. Mai yawa ne?"

"Malam, lahiya kake? Hilinka na?"

"Bisa na Alhaji Mamuda na, ba ruwana, yi abin da kaka so. Amma ka tsare shi. In ya wuce zurhin gwiwa ya shigo gidana."

Ɗan kabu-kabun ya dube shi sama da ƙasa. Fitsarin ma ya koma. Ya hau babur ya tafi, ya ba 'yan tasha labari, kafin la'asar duk Aliero an san akwai mai gidan ƙarƙashi.

Maƙwabcin filin ya haƙa rijiya, gogan ya je ya leƙa ya ce ruwan ta gefensa yake gangarowa, a riƙa ba shi guga ɗaya cikin uku. Wani icen dogon yaro na bakin hanya ya miƙa saiwa, ya je ya yi masa kashedi da baki. Tururuwa kaɗai ya ƙyale, ya ce su tun kafin ciniki suke ciki.

Sai shekara ta uku, shekarar cikawa. Albasa ta yi kyau har ta fi ta bara. Ya cire ya tara, mota uku ba za ta kwashe ba. Da ya sayar a lokacin, da ya biya Alhaji har da canjin goro. Amma ina! Wayo ya motsa. Ya ce yanzu kowa ke sayarwa, sai sakarai ke kai kaya kasuwa. Ya kafa rudu, rumfar nan ta kara da ciyawa da ake ajiye albasa a ciki, ya loda ta har baki, ya rufe, wai sai ta yi tsada.

Sambo dillali ya biyo shi har gida.

"Alhaji ya ce in tuna maka, an cire albasa."

"Ka ce ma Alhaji shi kwantar da hankali. Kuɗɗinshi na cikin rudu suna ƙiba."

"An yi magana fa, in ka saɓa..."

"Ina za shi kai na bisan? Bisa nawa yake zaune. Ko ya so gudu da shi, bai iyawa."

Sambo ya sha ruwa ya tafi.

Albasa ta tashi a kasuwa, Barakatu ta ce a sayar. Ya ce ba ta kai ba. Ta ƙara tashi, ta ce don Allah a sayar. Ya ce bari ta ƙara. Damina ta sauka, ruwa ya samu kafa ta bayan rudu. Barakatu ta ce, "Maigida, wari nika ji."

"Ƙanshin kuɗɗi na. Hancinki bai saba ba."

Ranar da ya buɗe rudu, wallahi kajin unguwa sai da suka yi ƙaura. Albasa ta narke ta zama kunu. Ya tsaya, hawaye na zuba, kuma wannan karon ba yajin albasa ba ne. Ya tsinci 'yar abin da ta tsira, ya sayar, ya bi dangi gida-gida. Ya zo kan akuyar Barakatu, ta ce in ya taɓa igiyarta sai dai a ji su a Maiyama. Watanni suka shuɗe kafin ya haɗa rabin abin da ake binsa. Ya ƙulle a lalita ya nufi Aliero, yana shirya kalaman ban haƙuri a hanya.

Ya isa wurin ya rasa filin. Ya wuce, ya dawo. Inda tumfafiya take, gini ne ya kai taga, magina suna ta ɗora bulo. Ya tambayi wani lebura, aka ce ai gidan Umar Faruk ne, mahaucin nan na Jega. Shi kam ba ya ciniki kashi-kashi, a buhu ya kawo kuɗin ya zube.

Ku a zatonku ihu zai yi a kan an sayar da fili? Ko kusa. Ya ce a ransa, na Alhaji ne ya sayar, lawashi ne, su ƙarata. Ya tuɓe takalmi ya yi sallama ya zaga. Yana isowa gefen gabas sai ya ga tulin jar ƙasa, ga wani rami mai zurfi, ana jin ƙarar diga a ciki amma ba a ganin kan mai haƙa.

Ya leƙa ya kurma ihu, "Kai! Wa ya ba ka izinin shiga gidana?"

Mai haƙa ya ɗago. "Masai muka gina, Malam."

"Masai? Cikin ɗakina?"

Kafin a ce wani abu ya bi tsani ya sauka, ya fatattaki mai haƙa, ya zauna daram a gindin ramin ya harɗe ƙafa. Ya ce ba ya fita sai an mayar da duk ƙasar da aka fitar, kuma kowace a mayar da ita inda aka ɗebo ta. Aiki ya tsaya. Aka kira mai gida.

Umar Faruk ya iso, ƙato ne, wuyansa kamar turmi. Ya tsaya a bakin rami ya leƙa.

"Bawan Allah, mi kaka yi cikin masaina?"

"Kai zan tambaya. Mi masanka ka yi cikin hilina?"

"Na biya kuɗɗina lakadan!"

"Ka biya zuwa gwiwa. Auna ka gani. Ni nan ko na miƙe tsaye ban ganin gwiwarka."

Aka kirawo Alhaji Mamuda. Ya zo yana jan carbi, ya leƙa shi ma.

"Malam, kai ka saɓa alkawari. Na jira ka har na gaji."

"Na saɓa a na bisa. Na ƙarƙashi na saɓa? Na tsakiya na saɓa? Sambo na da rai!"

Aka yi lallashi, ya ƙi. Aka yi barazana, ya ƙi. Mahauci ya sa aka janye tsani, gogan ya ce madalla, dama ba ya son baƙi. Ya wuni a ciki, yara na jefa masa gyaɗa. Sai da dattawa suka yi alkawarin za a zauna gaban mai unguwa a yi shari'a, sannan ya yarda aka zura guga aka jawo shi.

To kun san zaman sulhu da mai kuɗi. Yau Alhaji ya yi tafiya, gobe yana da ɗaurin aure, jibi ƙafa ke ciwo. Kafin a samu zama, mahauci ya gama gida, ya shafa fenti, 'yan makaranta sun cika ɗakuna, masai ya fara aiki ba hutu.

Ranar zama zauren mai unguwa ya cika maƙil, har da waɗanda ba su san kowa a cikin shari'ar ba. Barakatu ta biyo mijinta, ta zauna daga waje jikin ƙofa tare da mata. Mai unguwa dattijo ne mai haƙuri. Ya saurari kowa, ya sa Sambo ya maimaita cinikin. Sambo na faɗi yana cije leɓe.

Mai unguwa ya ce, "Na ji. Mamuda, maganar bisa da ƙarƙashi wasa kunka yi, kowa ya sani. Mutumin ga ya saɓa lokaci, gaskiya ta. Ka sai da hili, ba a hana ka ba. Amma ba ka cin kuɗɗin hili guda baki biyu. Kashi biyun da ka amsa, ka mayar mashi, cas, kahin kasuwa mai zuwa."

Fuskar Alhaji ta yi kamar an watsa mata toka. Kuɗin nan tuni sun zama mota. Ya fara, "Ranka shi daɗe, ko za a raba mani su kashi-kashi..."

"Cas na ce."

Daga waje aka ji Barakatu ta ce, "Alhamdu lillahi!" Har ta fara lissafin shanu a ranta.

Sai gogan naku ya miƙe.

"Ranka shi daɗe, ban yarda ba."

Mai unguwa ya dube shi.

"Ba ka yarda da mi ba? Kuɗɗinka za a ba ka."

"Na ce ina sai da wurina? Ku duba dabara! Hili ya yi tsada, yanzu Alhaji na son shi maida mani tsohon kuɗɗi shi amshe mai kyan. Yaro anka samu? Ban saidawa!"

"Maigida, amshi!" in ji Barakatu daga ƙofa. "Don girman Allah amshi!"

"Ke yi shiru, maza na magana."

Alhaji Mamuda, wanda ɗazu gumi ke karyo masa, ya ɗago a hankali. Ya share goshi ya ce da murya mai rauni, "Ranka shi daɗe, ka gani ko? Na so in ƙwace, ya gane ni. Mutumin ga ba a iya mashi. Na haƙura, shi riƙe abinshi."

"Kun ji ko!" in ji gogan, yana duban jama'a. "Ya hwaɗa da bakinshi."

Mai unguwa ya tambaye shi sau uku, kamar mai ɗaura aure, ko ya yafe kuɗi ya zaɓi ƙarƙashi. Sau uku yana cewa ya zaɓa. A waje mata suka riƙe Barakatu suna yi mata fifita.

"To tun da wuri naka na," in ji mai unguwa, "mi kaka nema?"

"Kuɗɗin dako."

"Dakon mi?"

"Ranka shi daɗe, gidan mahaucin ga bisa mi yake zaune? Bisa nawa. Da bulo, da kwano, da 'yan makaranta, da shi kanshi in ya zo, ga shi ba ƙarami ba. Dare da rana hilina na ɗauke da su, bai taɓa saukewa ya huta ba. Ko ɗan dako a kasuwar Jega, buhu guda ya kai maka bakin mota sai ka sallame shi."

Jama'a suka ce, "Af!" Wani daga baya ya ce wallahi akwai magana a nan. Gogan ya ƙara buɗe kafaɗa.

Umar Faruk bai yi fushi ba. Mahauci ne, ya saba da masu taya nama. Ya gyara zama ya ce, "Na yarda, ranka shi daɗe, zan biya dako. Amma shi ma shi biya ni taki."

"Wane taki?" in ji gogan.

"Kai ba manomi ba ne? Gidana cike yake da samari masu cin wake. Kullum sahe sai sun yi layi gehen gabas. Ina abin ka zuwa? Nawa ya ƙare a gwiwa. Duk cikin naka yake sauka, ba ka biya amalanke ba, ba ka biya mai watsawa ba. Nawa aka sai da amalanken taki bana a Gumbin Kure?"

Wannan fa ta taɓa gogan inda yake da sani. Ya tuna bashin takin da ya ci bara. Ya fara lissafi da yatsu, leɓe na motsi. Ya ƙirga ɗakuna, ya ƙirga samari, ya tuna wake. Gumi ya tsattsafo masa.

Ya matsa kusa da mai unguwa ya rage murya. "Ranka shi daɗe, in an bi gaskiya, takin ya hi dakon."

"To ya za a yi?"

"A roƙe shi shi bar mani cikon."

Mahauci ya ce ya yafe, albarkacin maƙwabtaka. Gogan ya kama hannunsa da hannu biyu yana godiya, yana cewa samun maƙwabcin bisa irin wannan sai an tona. Aka shafa fatiha. Dako ya tafi a taki, kuɗi sun zauna wurin Alhaji, gida na mahauci. Mutane suka fara neman takalmansu, wasu na tuntuɓe don dariya.

Gogan bai tashi ba.

"Ranka shi daɗe, saura magana guda."

Mai unguwa ya rufe ido. "Ina ji."

"Yaushe zan tare?"

"Ka tare ina?"

"Wurina. Na biya, an tabbatar mani gaban jama'a. Ga mahauci ya toshe bisa da siminti. Ta ina zan shiga, kuma yaushe?"

Waɗanda suka kai ƙofa suka dawo. Dattijon ya daɗe yana dubansa. Haƙurin da ya yi shekara da shekaru yana tarawa, ranar ya ga gindinsa.

Ya ce, "Malam, irin wurin ga naka, mutum bai shiga da ƙahwarshi. Ɗaukar shi aka yi a kai shi. Ka koma gida ka jira. Ranar da anka yi maka salla, mu da kanmu za mu raka ka, ka tare."

"Ni zan kama gaban makara," in ji mahauci. "Kuma ban amsar dako."

Gogan naku ya sunkuyar da kai ya yi tunani mai tsawo. Ya ɗaga hannu ya nuna yamma, ya nuna gabas, ya ɗan karkata bisa gefen damansa kamar mai gwada kwanciya. Sai ya ɗago fuska a murtuke.

"To na yarda. Amma a sa mahauci shi ɗauke masan nan daga gabas tun yanzu. Can huskata za ta duba."